Ciyar da awaki: abin da tumbin akuya yake bukata daga kaka zuwa damina

Maganar nan da ake yi wai akuya duk abin da ta samu ci take yi ta jawo wa awaki wahala ba kaɗan ba. Saboda ita ne ake ɗaure akuya a turke, a watsa mata busasshen kara, a ajiye mata ruwan wanke-wanke, a ce ai ba ta mutuwa. To, ba za ta mutu nan take ba, amma ba za ta haifi tagwaye masu ƙwari ba, nononta ba zai ishi 'ya'yan ba, kuma kafin ruwan farko ya sauka haƙarƙarinta ya fito ana ƙirgawa. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli akuya a daji ya san ba haka take ba. Tunkiya kan duƙar da kai ta bi ciyawa, ita kuwa akuya sai ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta sa leɓe ta tsinki tohon magarya ɗaya bayan ɗaya a tsakanin ƙaya, ta bari ta koma kan sabara, ta sunsuna ganyen da aka taka ta wuce abinta. Zaɓe take yi, kuma mafi taushi da amfani take ɗauka. Ranar da aka hana ta yawo, aikin zaɓen nan ya dawo wuyan mai ita.

Kafin a zo kan me za a ba ta, sai an san inda abincin yake zuwa. Cikin akuya kashi huɗu ne, babbansu shi ne tumbi, yana ɓangaren hagu. Ba akuyar ce take narkar da ciyawa da kanta ba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cike da tumbin, su ke farfasa ciyawar, ita kuma ta rayu da abin da suka fitar. Shi ya sa take kwanciya ta yi tuƙa, ta dawo da abin da ta haɗiye ta sake niƙa shi, miyau mai yawa ya bi shi ya rage tsamin tumbi. Halittun nan ba sa aiki sosai sai abincin yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, aƙalla kashi 7 cikin 100. Ciyawar daji da ta bushe a tsaye da karan dawa na rani kuwa da ƙyar suke kai kashi 3 zuwa 4. Wannan ce amsar abin da ke ɗaure wa mutane kai, a ga cikin akuya ya cika fam amma tana ramewa: karan yana nan jibge a tumbi bai narke ba, ya kuma tare wa wani abincin wuri. Sannan halittun sabo suke yi da abinci. Duk wani sabon abu, komai kyansa, sai an shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu.

A rana akuya na cin busasshen abinci da ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta, mai shayarwa ta ɗara haka. Mu ɗauki jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake ce wa akuyar Maraɗi, mai fatar nan da fatake suka yi ta ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Babbar mace kan kai kilo 25 zuwa 30, ke nan tana bukatar giram 750 zuwa kilo 1 da 'yan kai na busasshen abinci kullum. In ɗanyar ciyawa ce, wajen kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, don haka sai kilo 3 zuwa 4. Dogayen awakin Sahel sun fi haka ci. Sanin nauyin ba wuya: mutum ya hau sikeli rungume da akuyar, ya sake hawa shi kaɗai, ya debe. Haka kuma kwanon da ake awon dusa da shi, a kai shi kan sikeli sau ɗaya a san giram nawa yake ci, domin dusa ba ta da nauyin hatsi, ido kuma yana ruɗi.

Ginshiƙin kiwon akuya a ƙasar Hausa harawa ce, kuma a ganina duk wanda bai tanade ta ba bai shirya kiwo ba. Harawar wake da ta gyaɗa masu ganye kan ba da furotin kashi 11 zuwa 16 cikin 100, ga kalsiyam mai yawa da ke gina ƙashi da nono. Amma amfanin a ganye yake, ba a jijiya ba, kuma ganyen ne ke fara zubewa. Saboda haka lokacin yanka shi ne komai. Da an gama roron wake, a tuge harawar tun tana da sauran kore, kada a jira hunturu ya busar da ita a tsaye. A shanya ta kwana biyu zuwa uku ana juyawa, a naɗe ta da sassafe lokacin da ta ɗan yi laushi, ba da tsakar rana ba da ganyen ke marmashewa a hannu. Ɗora ta a kan soro ko reshen bishiya ya fi barinta a gona, sai dai rana tana cinye korenta, da shi kuma bitamin A yake tafiya, wanda rashinsa ke kawo dundumi da raunanan 'ya'ya a ƙarshen rani. Mafi kyau a sa ta cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, a kan itace, nesa da ƙasa saboda gara da laima. Harawa mai kyau ana gane ta tun daga ƙamshi. Wadda ta yi baƙi, ko aka buɗe damin ƙura fara ta tashi da warin ruma, ba abincin akuya mai ciki ba ce, tana iya sa ta ɓari.

Ga lissafin da ya kamata a yi tun kaka. Uwa ɗaya, in ana ba ta harawa giram 400 zuwa 500 a rana a kan abin da take samu na kara da ganye, daga Nuwamba zuwa farkon Yuni za ta ci wajen kilo 100. Uwaye biyar rabin tan ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya: damin da aka saya da araha a kaka, a bazara kuɗinsa ya ninka, wani lokacin ma a nema a rasa. In harawar ba za ta kai ba, a rage baki tun dabbobin suna da ƙiba, a sayar da bunsuran da ba a bukata da tsofaffin da suka daina haihuwa. Mai gona kuma ya ware wa dabbobinsa kunya 'yan kaɗan. Manoman Kano sun daɗe suna shuka kanannado saboda yaɗonsa, cibiyar binciken noma ta IITA da ke da reshe a Kano ta fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa a tare, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya kuma ta daɗe tana aiki a kan lablab, wani dangin wake da ke jure fari ya ba da ganye bayan an gama girbi.

Kada a zuba harawa a ƙasa. Abin da akuya ta taka ko ta yi wa fitsari ba za ta ƙara kallonsa ba. A ɗaure damin a rataye daidai kanta, ko a sa a komi mai ɗan tsayi, a shimfiɗa buhu a ƙarƙashi ya tare ganyen da ke zuba. In awakin suna da yawa a yi musu wurin ci biyu ko uku, in ba haka ba mai ƙaho ta ƙoshi, ƙarama da mai ciki su kwana da yunwa.

Karan dawa da na gero cikon ciki ne kawai, amma suna da rana. A sassare su gajere kamar tsawon yatsa, a zuba fiye da abin da za a cinye domin akuya ta tsince ganye da ɓargo mai laushi ta bar itacen. Akwai hanyar ƙara musu daraja da takin yuriya: a narkar da kilo 4 zuwa 5 a ruwa kamar lita 50, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara hawa-hawa ana tattakewa a rami ko ɗaki, a rufe ruf da leda mako uku. In an buɗe, a baza abin da za a bayar ya sha iska kwana ɗaya warin ya fita. Karan yakan yi laushi, furotin ɗinsa ya kusa ninkawa. Sai dai a kiyaye ƙwarai. Yuriya tsurarta guba ce, akuyar da ta lashi takin ko ta sha ruwan da aka narkar da shi tana iya faɗuwa cikin awa ɗaya. 'Ya'yan da ba a yaye ba kuwa sam ba a ba su.

Bishiyoyi su ne rufin asirin akuya da rani. Gawo ya fi kowa, domin shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da komai ya ƙare. A tsince su a adana a buhu, a daddaka kafin a bayar, in ba haka ba ƙwayar takan fita a kashi yadda ta shiga. Tafi ɗaya ko biyu a rana ya isa ya motsa tumbin da kara ya cushe. Haka 'ya'yan kalgo, da ganyen magarya, aduwa, marke da ɓaure. Ganyen zogale furotin ɗinsa ya haura kashi 20, ko kaɗan aka samu a ba mai shayarwa. Bagaruwa kuwa a taƙaita, baurin nan nata da majema ke nema shi ke ɗaure furotin ya hana jiki amfana in ya yi yawa. Masu sassabe don Allah su rage wa bishiya rassa, kada su yi mata ƙwal.

Sai dusa, wadda a kanta ne aka fi yin kuskure. Dusa ƙari ce a kan harawa, ba madadinta ba. Haɗi mai sauƙi na kilo 10: dusar gero, ta masara ko ta alkama kilo 7, tunkuzar angurya da ake sayarwa a buhu kilo 3, gishiri giram 100, da garin farin dutsen nan da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa domin kalsiyam giram 100 zuwa 150. Wannan zai ba da furotin wajen kashi 16. In ƙuli-ƙuli ne a hannu, ya fi angurya ƙarfi, kilo 1 da rabi ya isa, a cike sauran da dusa. A duba shi da kyau, ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana lalata hanta. Kowar wake ma abinci ce mai kyau, ana iya cuɗa ta a ciki. Akuyar da ba ta da ciki ba ta shayarwa, giram 100 zuwa 150 ya ishe ta a bazara, in akwai kiwo mai kyau ma ba sai an ba ta ba. A raba abin da za a bayar biyu, safe da yamma, kuma sai ta fara cin harawa tukuna. A ɗan yayyafa ruwa ya kwantar da ƙura, amma abin da aka jiƙa kada ya kwana.

Abin da ke faruwa in hatsi ya yi yawa ya kamata kowa ya sani, domin yana kashe awaki masu lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu. Akuya ta tsinke igiya ta afka wa buhun masara, ko a tara mata ragowar tuwo da shinkafar biki. Tumbin ya yi tsami fiye da kima, halittun da ke narkar da ciyawa su mutu. Cikin awa 12 zuwa 24 sai ta daina ci, ta daina tuƙa, tana cizon haƙora, gefen hagu in an girgiza yana motsin ruwa, zawo mai tsami ya biyo baya, ta fara tangaɗi. Da an gane ta yi ɓarnar, a janye duk wata dusa, a bar mata busasshiyar ciyawa kawai, kada a bari ta ɗirki ruwa da yawa lokaci ɗaya. A narkar da babban cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa a ba ta, a nemi malamin dabbobi ba tare da jira ba. Wajen ɗura kuma a bi a hankali ta gefen baki, kada a ɗaga kanta sama, ruwan da ya shiga huhu shi ma ajali ne.

Mace ba kullum bukatarta ɗaya ba. Mako biyu zuwa uku kafin barbara, in ramammiya ce, ƙarin giram 200 na haɗin nan yana taimaka mata ta ɗauki ciki da wuri, ya kuma ƙara damar tagwaye. Cikin akuya wata biyar ne. Watanni ukun farko harawa da kiwo sun wadatar. Makonni shida na ƙarshe ne masu haɗari, domin a nan 'ya'yan ke yin wajen kashi 70 cikin 100 na girmansu, suna kuma matse tumbi ta kasa cin mai yawa. Wato bukata ta ƙaru, wuri ya ragu. A nan ake fito da harawa mafi kyau, a fara da giram 100 na haɗin, a ƙara a hankali har 300. In aka yi sakaci, musamman mai tagwaye ko 'yan uku, sai a ga ta ware kanta, ta ƙi ci, ta yi zuru, daga baya ta kasa tashi. Jikinta ne ya koma ƙona kitsensa har ya zame mata guba, kuma mai ƙiba sosai ma tana kamuwa. Ruwan mazarƙwaila kaɗan-kaɗan yana ɗan riƙe ta kafin likita ya zo, amma wadda ta riga ta kwanta da wuya take tashi.

Bayan haihuwa bukatar ta fi ta kowane lokaci. Mai shayar da tagwaye a ba ta giram 300 zuwa 400 na haɗin da harawa iya cinta. Ɗan akuya kuma dole ya sha dakashi, wato nonon farko, cikin awa biyun farko. Masu tatse shi su zubar wai ƙazanta ne suna zubar da rigakafin ɗan ne, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar wannan kariya. Yana bukatar kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a ranar farko, wato ɗan kilo 2 ya sha mililita 200 a rarrabe. Daga mako na biyu zai fara taɓa ganye. A yi masa ɗan shinge mai ƙaramar ƙofa da uwa ba za ta iya shiga ba, a sa ganyen harawa mai laushi da 'yar dusa, ban da angurya, domin tana da wani sinadari da ke cutar da wanda tumbinsa bai ƙosa ba. A yaye a wata uku. Jar akuya nononta bai cika wuce rabin lita a rana ba, don haka mai tagwaye ba ta da rarar da za a tatsa a watan farko.

Masu turka taure domin salla ko kasuwa su fara da maganin tsutsar ciki, sannan su hau da haɗin a hankali zuwa giram 400 ko 500 cikin wata biyu zuwa uku, kada dusa ta wuce rabin abin da yake ci. Matsalar namiji daban ce. Dusa tana da sinadarin fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan, alhali jiki yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. In aka yi ta ɗura masa dusa zalla sai tsakuwa ta taru a mafitsara ta toshe hanyar fitsari, wadda a taure siririya ce, balle wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami. Za a ga yana miƙa, yana nishi da kuka, fitsarin yana ɗiga ko babu sam. Da yawa sukan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su yi ta ba shi mai har mafitsara ta fashe. Wannan aikin likita ne na gaggawa. Rigakafinsa harawa, gishiri da ruwa wadatacce. Kanwa kuma a rage wa irin wannan taure, domin tana sa fitsari ya koma yanayin da tsakuwar ke saurin haɗuwa.

Ruwa lita 2 zuwa 4 a rana, mai shayarwa a zafin bazara ta kan wuce 5. Akuya tana da ƙyanƙyami, in ruwan ya yi datti sai ta ƙi sha, in ba ta sha ba kuma ci ya ragu. Ƙasari sabo yana da kyau, ruwan sabulu kuwa a zubar. Gishiri giram 5 zuwa 10 a rana ya isa, ko a rataye mata kantun Bilma ko dutsen lasa na kanti ta lasa da kanta. Kanwa 'yar kaɗan a ruwa lokaci-lokaci ba laifi, da yawa tana sa zawo.

Saukar damina ba hutu ba ne nan da nan. Sabon tsiro kusan duk ruwa ne, akuyar da ta sha wuyar rani ta cika ciki da shi sai zawo, shi ya sa ake asarar raunana a makonnin farko. A ajiye ragowar harawa da za a riƙa ba su da safe kafin a sake su, kuma a bari raɓa ta bushe. Ɗanyen ganyen wake mai laima yana kawo kumburin ciki: hagu ya tashi ya yi tauri, numfashi ya yi wuya. A tsayar da ita gabanta a kan tudu, a ba ta man gyaɗa mililita 50 zuwa 100, a murza gefen. Gyauron dawa da dawar da fari ya tsumburar suna da guba mai saurin kisa, haka ɓawon rogo ɗanye, sai an shanya shi ya bushe ƙarau. Wadda ke turke a riƙa sauya mata wuri, a yanko mata kyasuwa, harƙiya da gadagi a rataye, domin tsutsar ciki a gindin ciyawa mai laima take jira. A birni kuwa babbar annoba leda ce. Akuyar da ba ta samun gishiri da abinci isasshe ita ta fi haɗiyarta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ƙanjamewa ciki na girma, kuma ba maganin sha da ke fitar da ita.

Duk mako biyu a ɗora hannu a gadon bayanta, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙugu. In ƙashin yana sukar tafin hannu, abinci bai isa ba. In sai an danna ake jinsa, an yi daidai. In ba a jinsa sam, a rage dusa. In kuwa abinci ya wadata amma ba ta ciko, a ja fatar idonta ta ƙasa a duba. Ja ko ruwan hoda lafiya ce, fari fat kuma tsutsa ce ke shan jininta, wani lokacin har ƙarƙashin haɓa ya kumbura, sai a ba da magani gwargwadon nauyinta. Daga nan a buɗe baki. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, kuma tsohuwar da nata suka gige ko suka zube ba za ta iya da kara ba. Irin wannan a ware ta, a ba ta ganyen harawa da jiƙaƙƙiyar dusa ta ɗan murmure, a fitar da ita kafin bazara.